Laifin da Aka Nema wa Linus

Chioma na goge wa mijinta yawu da gefen zane sai ga Fasto Gbenga ya shigo ɗakin marasa lafiya, mata biyu na ƙungiyar addu'a a bayansa. Tun ranar Juma'a Linus ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na babbar kasuwar Suleja. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki a buɗe, magana ta ɗauke. Kunne dai garau yake.

Fasto ya ajiye kwalbar man zaitun a kan durowa, bai buɗe ba, ya dubi Chioma.

"Maman Ikenna, a rubuce yake: albarka ga mai biyayya, la'ana ga mai saɓo. Ruwa ba ya tsami banza. Sai an furta laifin kafin mu shafa masa mai. Tunda shi ba baki, ke za ki faɗa."

"Fasto, Ayuba fa? Me ya yi?"

Linus ne ya koya mata wannan. Shi ke karantar da yara a coci ranar Lahadi, kullum kuma yana cewa abokan Ayuba da suka zo masa jaje sun kyauta har zuwa lokacin da suka buɗe baki suka ɗora masa laifi.

"Mijinki Ayuba ne?" in ji ɗaya daga cikin matan. "Ki yi tunani dai."

Ta yi tunanin kuwa. Mutumin ko giya ba ya sha, ko akuya ce ta shiga masa shago sai ya lallaɓa ta ta fita. Haba, ina za ta samo masa laifi? Amma likita ya ce sai dai a jira, ita kuma jiran ne ya ishe ta. Tsoro take ji ƙwarai. Ta ga Fasto ya duba agogo, ya kai hannu zai ɗauki kwalbarsa.

"Yana dukana," ta ce.

Matan suka dubi juna, suka gyaɗa kai. Wani tsoho manomi da ke gadon kusa ya juya fuskarsa bango.

Nan take aka buɗe kwalba, aka shafe goshin Linus, aka ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a sassauta. Chioma ta amsa amin ɗin duka, idonta a kan silifas ɗinta.

Da suka gama ta buɗe fulas, ta ɗebo koko a cokali, ta hura, ta kai masa kamar yadda ta saba. Linus ya dube ta da idon da ke da lafiya. A hankali, da ƙyar, bakin nan da yake a buɗe tun Juma'a ya rufe gam. Ta taɓa leɓensa da cokalin, ya ƙi.

Fasto Gbenga na bakin ƙofa ya waiwayo.

"Kun gani? Har ya fara motsa baki! Halleluya!"