Ba a Ce wa Mai Mutuwa Sake

"Baba, sake faɗi. Wannan karon ka kalli taga, ka ɗan ja numfashi."

Ina bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa na ji Darakta ya faɗi haka. Wallahi saura ƙiris in watsa masa ruwan a fuska. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ana koya masa yadda zai yi numfashi!

Mai Kyamara, tsohon da ke kwancen, maƙwabcina ne, shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni tela ce, shi kuwa fim ɗin gaskiya yake yi, wanda ba 'yan wasa a ciki. Yakan yi wata shida yana zuwa wurin masunta ko maƙera, ya kafa kyamara ya yi shiru kamar an dasa shi, har su manta yana nan. Dokarsa ɗaya ce: ba a ce wa mutum "sake". Abin da ya wuce ka, ba rabonka ba ne.

Darakta kuwa a hannunsa ya koyi aiki, amma salonsa daban. Fim minti takwas, kiɗa mai sa kuka, shi da kansa a tsakiya yana bayani yana karkata kai. In tsohuwa ba ta yi hawaye yadda yake so ba, sai a sake. Wannan bai dame ni ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya ci mini rai kaset-kaset ne. Shekara uku da suka wuce ya zo ya kwashi kwali huɗu na kaset ɗin tsohon, wai zai juye su a kwamfuta kada su lalace. Ya juye kam! Ya yayyanka, ya ɗora muryarsa, ya ciwo lambar yabo. Sunan tsohon ko a can ƙasan rubutu bai fito ba.

Yanzu da ya ji ciwon tsohon ya yi tsanani, sai ga shi da fitilu biyu, wai zai yi fim a kan "ubansa". Da safiyar ranar, kafin ya iso, na ce, "Baba, yanzu ka yarda da wannan ɓarawon?"

"'Yata, ɗauko tsohuwar kyamarata," in ji shi. "Ki sa kaset, ki ɗora ta saman kabad. In kin ji motarsa ki danna jan maɓallin nan, ki rufe 'yar fitilar da ke nuna tana ɗauka. Daga nan kada ki ƙara taɓa ta."

Na yanko baƙin ƙyalle a shagona na liƙe fitilar. Ya kama bakin mayafina. "Sunana nake so. Kada in tafi ba suna."

To, magana ɗaya Darakta yake nema daga bakinsa: "Na bar maka komai, ɗana." Sau biyar yana sa shi, tsohon yana motsa leɓe kawai. A na shida bai kalli taga ba. Ya ɗaga ido saman kabad, ya ce da murya fes, "Kwali huɗu ka ɗauka. Aikina ne."

Darakta ya yi dariya. "Zafin ciwo ne. Ba komai, zan yanke wannan. Muryarsa ma ina da ita a kwamfuta, abin da nake so shi za ta faɗa."

Ya zaro 'yar kwalba ya ɗiga wa idonsa ruwa, ya juya allon kyamararsa yana duba ko hawayen ya zauna daidai. Yana cikin duba fuskarsa Mai Kyamara ya cika. Ni kaɗai na gani. Na ajiye kofin, na ce innalillahi, na shafa masa ido na rufe.

Sai Darakta ya ce, "Kash! Anti, ban ɗauka ba. Ɗan buɗe ki sake rufewa."

Duk unguwa an san bakina, amma ranar kalma ɗaya ce ta fito. Na ce, "Fita."

Bayan mako guda na kai kaset ɗin shagon da ake juye su zuwa waya. Mai shagon ya ce, "In yanke inda ba abin da ke faruwa?"

"Ka taɓa daƙiƙa ɗaya ka ga aikin almakashina," na ce. "Ƙarshe kawai za ka rubuta sunansa cikakke, da na mahaifinsa."

Ban yi gaggawa ba. Na jira har Darakta ya saki nasa, da kiɗa, da hawaye, da muryar tsohon tana cewa ta bar masa komai. Na bari aka kwana biyu ana yaba masa, sannan na saki namu. Awa ɗaya cur, ba kiɗa, ba bayani. Mutane da kansu suka jera su gefe da gefe. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A rana ta uku ina kan keke ina ɗinki Darakta ya shigo shagona, ido jajur, wannan karon ba na kwalba ba.

"Anti, don girman Allah ki cire. Sun karɓe lambar. Na tuba."

Na ɗaga ƙafa daga kan keken. "Ban ji ba. Sake faɗi," na ce. "Wannan karon ka kalli taga."

Da ya fita na jawo wayata na matsa zuwa ƙarshen fim ɗin, minti goma sha ɗayan da mai shago ya so yankewa. An riga an fitar da tsohon. Ba kowa a ɗakin, sai gado da shatin kansa a kan matashi, da kofin ruwan da na ajiye a ƙasa, labule yana motsi kaɗan-kaɗan. Na zauna ina kallo har sunansa ya fito.