Ɗan Saba'in

Ummaru ya iso Dutsin-Ma da hantsi, bayan kwana biyu a hanya daga ƙauyensu da ke arewa da Tasawa, a Nijar. Bai wuce Rawayau, a ƙasar Kurfi, wurin yayarsa Nana Hadiza ba. Ya nemi shagon ɗanta Mas'ud, mai sayar da taki da iri da maganin feshi a bakin kasuwa.

Shekara shida rabon Mas'ud da shi. Ya ga wuyan riga ya yi wa kawun nasa yawa. Ya fita ya sayo fura.

"Kawu, ina su Sumayya? Ina ɗanka Rabe?"

"Sumayya na nan da ɗiyanta. Rabe ya tahi haƙar zinari can arewa, wata tara ba mu ji muryarshi ba. Samarin gari duk sun watse. Har mushe, malamin da ke koya ma yara boko a lakwal, ya kulle aji ya bi su."

Ya shanye furar, ya share gemu, ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya.

"Bara ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai. Ga iyaka an rufe, hatsi ya yi wuyar gani. Munka ci ganye, munka ci anza duk ɗacinta. Da azumi ya zo, yara na kuka, na sauko da irin da na rataye. Mun cinye shi, Mas'udu."

Mas'ud ya sunkuyar da kai. Manomin da ya ci irinsa ba ya faɗa a gaban mutane.

"Iri nike so kahin ruwan fari ya sauka," in ji Ummaru. "In na rasa shi, bana ba ni da gona. Kuma kada uwarka ta ji. Namiji ba ya zuwa gidan auren 'yar'uwarshi da buhu wayam. Kaiwa akai, ba a ɗaukowa."

"In dai iri ne ai ka zo gidansa."

Mas'ud ya sauko da leda goma na ingantaccen gero, an wanke shi da jan magani. Ya jera su a kan tebur yana yabo: zangarniya kamar damtse, ba ya jin tsutsa. Ummaru ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya dubi rubutun da ba ya iya karantawa.

"Kwana nawa yake nuna?"

"Casa'in. In ya yi nawa, ɗari."

Ummaru ya mayar da ledar a hankali.

"Wanga na masu ruwa ne. Ku nan damina zama takai ta miƙe ƙafa. Mu can leƙowa takai ta wuce. In ya haura saba'in, kara zan girbe."

Mas'ud ya birkice shagon, babu. Ya buga waya Katsina, ya buga Funtuwa. Wanda ya ce zai samo ya ce sai bayan sati uku. Ummaru ya ce ranar da ya baro gida hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ba a zuwa har Dutsin-Ma a koma ba a gai da babbar ya ba. Mas'ud ya kulle shago, ya goya shi a babur zuwa Rawayau.

Nana Hadiza na tankaɗe a tsakar gida da suka yi sallama. Ta sa hannu ta kare rana.

"Wa nike gani kamar Ummaru mai kunnen zomo?"

"Yaya, kin tsufa."

"Kai kuma ka zama sanda. Zauna kada iska ta ɗauke mani kai."

Ya miƙa mata tsaraba, cuku uku da ɗan ƙullin dabino. Ta yi godiya kamar ya kawo raƙumi. Ta tuƙa tuwo, ya ci loma kaɗan ya ture kwano, ya ce a ƙoshe yake. Ta tambayi damina, ya ce alhamdu lillahi.

"Geron Baba fa, ɗan saba'in? Kuna shuka shi har yanzu?"

"Yana nan," in ji Ummaru, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ta dubi Mas'ud. Mas'ud ya duƙufa yana goge makullin babur da bakin riga. Ta daɗe tana kallon su biyun, sannan ta miƙe ta shiga madafi ta kira ɗanta.

"Hau turmin nan ka sauko mani da su."

A saman murhu, jikin azara, dammunan gero huɗu ne a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi. Zangarniyoyin gajeru ne, kowace da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya. Tun yana yaro Mas'ud yake ganin irinsu a nan.

"Inna, wannan ba geron furarki ba ne?"

"An kai ka karatun noma har bayan teku, ba ka san abin da ke rataye a kan tukunyar uwarka ba. Ɗan saba'in ke nan. Na gidanmu."

Mas'ud ya murza ƙwaya biyu a tafin hannu. "Shekara arba'in a ƙasar nan? Ai iska ta gama gauraya shi da na maƙwabta."

"Iska ta fi ni wayo ne? Ina riga kowa shuka a bayan gida. Kafin nasu ya fidda kai nawa ya gama. Wanda ya fara nuna in ɗaura mashi ƙyalle, shi ne iri. Sauran mu dama fura. Ɗauki ka kai zaure."

"Zaure? Inna, Kawu ya ce..."

"Ban tambaye ka abin da ya ce ba."

An sallame la'asar, mijinta Malam Atiku na zaune a zaure da maƙwabta uku, Ummaru a gefensu. Mas'ud ya jibge dammunan a tsakiya. Fuskar Ummaru ta sauya. Daga bayan ƙofa Nana Hadiza ta ɗaga murya yadda har na waje zai ji.

"Malam, ka zama shaida. Ranar da za a kawo ni gidan nan, Baba ya ba ni zangarniya bakwai, ya ce ajiyar gida ce, in riƙe har mai ita ya zo. Shekara arba'in da ɗaya ina bautar ta. Gwiwa ta ƙare. Tunda Allah ya kawo magajin Baba, ya kwashi kayanshi in huta."

Malam Atiku ya dubi ƙanen matarsa, ya dubi geron, ya gyara zama.

"Wallahi da ka taimake mu, Malam Ummaru. Geron nan ya fi ni daraja a gidan nan. Ran da akuyata ta taɓa shi, kwana uku ina cin tuwo ba man shanu."

Aka yi dariya. Ummaru bai yi ba. Ya zaro zangarniya ɗaya, ya auna ta da tafin hannu, ya sa ƙwaya a baki ya tauna.

"To," ya ce, "tunda kin gaza."

"Na gaza," in ji ta.

Kafin magariba matan gidan suka sussuke shi suka sheƙe, ya ba da tiya biyar. Ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta ɗinke bakin buhun da kanta. Zangarniya biyar kawai ta mayar saman murhu. Mas'ud na riƙe mata turmin ya tambaye ta a hankali.

"Inna, da gaske Kaka ya ce ajiya ce?"

"Baba? Mutumin da ko ƙaiƙayi ba ya kyauta? Satowa na yi, na naɗe cikin tabarma. Ka rufe mani baki."

Da sassafe Mas'ud ya kai kawun nasa tasha a Kurfi. Ummaru ya ƙi yarda a ɗora buhun a saman mota. A cinya ya rungume shi.

Kwana goma sha biyu babu labari. Nana Hadiza ba ta tambaya ba, sai dai kullum takan aika wa Mas'ud cewa ya duba ko wayarsa da caji. Ranar Juma'a ya zo gaishe ta, kiran ya shigo. Ya miƙa mata.

"Yaya, ruwa ya sauka ran Lahadi. Mun shuka, na ɗiba ma gida huɗu. Ya tsiro."

"To da mi kake so ya yi, rawa? Gonar tudu ka sa ko ta kwari?"

"Duka biyu."

"Sakarai. Da ta kwari ake farawa."

Layin ya yanke. Ta miƙa wa Mas'ud wayar, ta nufi zaure da sauri tana kiran Malam, takalmi a ƙafa ɗaya.