Igiyar Mai Agogo

"Ja ta da ƙarfinka," in ji Mai Agogo. "Kada ka ji tausayinta."

Na naɗa igiyar a hannu biyu na ja. Ba irin ta guga ba ce. Ɗamara ce mai faɗin yatsu biyu, baƙa da ratsin rawaya, irin wadda ake yi wa jakar makaranta hannu da ita, sai dai ta fi kauri. Ta rabu gida biyu, kowane reshe da mariƙin roba a ƙarshensa, a sama kuma an ɗinke wani dunƙulen soso cikin ƙyalle. Ban ja sau uku ba na ji zare ya yi ƙas a mahaɗar.

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya ce kwana uku ya yi yana zagaya shagunan kayan wasanni. Ta farko a cikin kwali take, da hoton wani ƙato a jiki, da ya ji kuɗinta da hannu biyu ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ta biyu maƙallanta na roba ne, ya matsa ɗaya da babban yatsa ya ga ya lanƙwashe. Wannan ce ta fi araha, maƙallanta na ƙarfe, ɗamararta mai kyau, ɗinkin ne kawai aka yi wa aikin a-tashi-a-tafi.

"Ƙarfe da ɗamara ba zan iya ƙera su ba," ya ce. "Amma ɗinki, ai ina da maƙwabci."

Shekara ashirin da wani abu ina gyaran jaka da takalmi a bakin ƙofar gidan da muke zaune, kuma sana'ar nan ta hana ni yarda da mutane. Kowa ya kawo takalmi sai ya ce da kansa ya tsinke. Ni kuwa ina juya dunduniya zan gane inda mai shi yake zuwa da irin tafiyar da yake yi. Don haka da na tambaye shi me zai yi da igiyar, ya ce motsa jiki, sai na ɗago na dube shi da kyau. Dattijo ne ya ba wa saba'in baya, damatsansa kamar mariƙin tsintsiya. Abu mafi nauyi da na taɓa gani a hannunsa shi ne agogon bango.

"Idan mutum ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kanta," ya sake tambaya, ya yi ƙasa da murya, "ba za ta tsinke ba?"

Na ce in dai na ɗinke ta, ko buhun siminti uku za ta ɗauka.

"Madalla. Amma don Allah ya tsaya tsakaninmu."

Nan take na fara jera abubuwa a raina. Shekara guda ke nan da ɓarin jikin Iya, matarsa, ya shanye, ba ta ko iya sauka daga gado. 'Yarsu tilo da take kula da ita an mayar da aikinta wani gari, sai ƙarshen wata take leƙowa. Matata ta sha yin tayin taimako, Iya ta ce ta gode, ba wanda zai ga kwanciyarta sai mijinta da 'yarta. Wata biyu da suka wuce Mai Agogo ya rufe rumfarsa, ya bi gida-gida ya mayar wa kowa agogonsa, wanda ya gyaru da wanda bai gyaru ba. Ya daina zama da mu a benci. Yanzu kuma ga shi da igiya, yana tambayar ko za ta ɗauki mutum.

Duk da haka na ɗinke ta. Ba zan iya ganin ɗinkin banza in ƙyale ba. Na warware na kamfanin, na sa zaren lailon mai kakin zuma, na yi murabba'i a kowace mahaɗa na gicciya shi, na sake bi a karo na biyu. Ya karɓa ya duba da gilashin nan da yake maƙalawa a ido, ya yi godiya ya shige.

Kafin la'asar na gaya wa mai aski. Ban ce ga abin da zai yi ba, Allah ya sani. Cewa kawai na yi tsoho mai damuwa ya sayi igiya, ya tambayi ko za ta ɗauki nauyinsa, kuma ya ce kada kowa ya ji. Na ƙara da cewa ni dai ban ce komai ba. Mai aski ya tsayar da almakashi a iska, ya ce shi ma bai ji komai ba. Washegari mai shago da mai wanki da guga su ma ba su ji komai ba.

Ɗakin su Mai Agogo yana kallon namu, baranda ce a tsakani. Na lura kullum da hantsi, idan 'yan aiki da 'yan makaranta sun watse, sai in ji an murza makulli. Sai dunƙulen soson nan ya leƙo ta saman ƙofar daga waje, ƙofar ta fara ƙara, ƙiii, ƙiii, ana nishi a ciki. Na riƙa barin rumfa ina shigowa shan ruwan da ba na jin ƙishinsa. Ran nan na kasa daurewa na ƙwanƙwasa.

"Kada a taɓa ƙofar nan!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

Can ya buɗe kaɗan, daga shi sai singileti, gumi yana tsiyaya, tafukan hannunsa sun yi jawur. Na ce allura nake nema. Ya yi mini kallon da ya dace da mai gyaran takalmin da ya zo aron allura wurin mai agogo, ya mayar da ƙofa.

Na gaya wa matata cewa gwaji yake yi, zuciyarsa ce ba ta gama yarda ba. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin wanda ya yi mako uku yana gwajin irin wannan abu ba, kuma da ina da imani, da zama zan yi in tambaye shi damuwarsa maimakon laɓe a baranda. Na ce ba ta san duniya ba. Gaskiyar magana ita ce ina jin daɗin yadda ake matsa mini wuri a bencin mai aski ana tambayata yau me na ji.

Ranar wata Talata, a mako na huɗu, ƙofar ta yi ƙararta kamar kullum, sai na ji ta tsaya. Sai ƙarar cokali a jikin ƙarfen gado, ƙwan, ƙwan, ƙwan, ba ƙaƙƙautawa, da muryar Iya tana kiran matata da harshenta mai nauyi. Ni da kafintan layinmu muka ɓalle makullin. Ƙofar ta ƙi buɗewa sosai saboda ƙafarsa ta tokare ta. Yana kwance a gefensa, idanu a rufe, mariƙi ɗaya har lokacin yana cikin hannunsa.

Likitan ƙaramin asibitin da ke bakin titi ya zo ya duba, ya ce zuciya ce ta tsaya. A gabana ya faɗa. Amma ni sai da na sunkuya na leƙa wuyan mamacin. Ban ga ko ƙwarzane ba, kuma maimakon in ji sanyi sai na ce a raina ai ɗamarar tana da faɗi, ƙila ba ta barin shaida. Har yau idan na tuna wannan tunanin ina jin ƙyamar kaina.

Kafin rana ta take layin ya gama yanke hukunci. Mai aski ya raɗa mini cewa ashe idona yana gani. Maza suka tsaya cirko-cirko a tsallaken titi, ba mai son ya fara shigowa. Mai wanki da guga ya ce shi bayansa yana ciwo, ba zai iya ɗaukar makara ba. Wani ma ya fara tambaya ko ya halatta a yi wa irin wannan salla. 'Yar ta iso bayan azahar, kuma tun kafin ta sauke jakarta maganar ta tare ta a bakin ƙofa. Ta zo gabana idanunta sun kumbura.

"Baba, an ce kai ka san komai. Gaskiya ne?"

Ina nan ina muzurai matata ta fito ta ce Iya tana kirana.

Ban da ruɗanin safiyar nan, da ban ko dubi gadonta ba, shekara guda rabon da in sa ta a ido. Ta rame, bakinta ya karkace, amma idanun suna nan yadda na san su. An mayar da igiyar saman ƙofa bisa umarninta. Ta nuna ƙasa da hannun da yake motsi, ta ce in duba. A kan siminti, daga tsakiyar ɗaki zuwa gindin ƙofa, akwai layuka biyar na farin alli, tazararsu daidai wa daida kamar lambobin agogo.

A hankali ta ba ni labari, ina tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya. Wata uku da suka wuce ya ɗauko ta daga gado zai sa ta a kujera, hannuwansa suka saki, suka zube tare. Sun fi awa guda a ƙasa. Da farko dariya suka yi, daga baya shi ya yi kuka. Shi ya sa ya rufe rumfa. A asibiti, matar da take motsa wa Iya gaɓoɓi ta nuna masa irin wannan igiya: a rataya a ƙofa, a kulle don kada wani ya buɗe mutum ya faɗi, a kama mariƙan, a jingina da baya, a jawo ƙirji sama. Duk lokacin da ƙafa ta matsa kusa da ƙofa, nauyin yana ƙaruwa. Ya ce ranar da ya yi ja goma a layin ƙarshe, da kansa zai ɗauke ta ya kai ta tsakar gida ta sha rana. Ya hana a faɗa saboda ba ya son a san ya taɓa kayar da ita.

"Ni nake ƙirga masa," ta ce. "Yana layi na uku. Jiya shida ya yi. Yau ya yi bakwai."

Na durƙusa a wurin ban san na durƙusa ba.

"Bangon nan ba shi da kauri, maƙwabci. Abin da aka faɗa a bencin mai aski yana iso ni kafin a ɗora tukunya."

Na tambaye ta ko shi ma ya ji.

"Ya ji. Na ce zan sa a kira ka in wanke ka tas. Ya ce in ƙyale ka, ɗinkinka ya fi bakinka kyau."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce wa 'yarta ta ɗage labule, ta ce mini in je in shigo da su, dukansu. 'Yar ta ce, Mama, a haka za su gan ki? Ta ce su gani.

Na tsallaka titi na kamo hannun mai aski, sauran suka biyo. Suka cika ɗakin da baranda, kowa kansa a ƙasa, suna gaishe ta ciki-ciki. Na sa kafinta ya ja ƙofar ya riƙe daga waje tunda makullin ya ɓalle. Na kama mariƙan, na sa ƙafafuna a layin farko, na jingina da baya na jawo kaina. Ni da nake ƙaninsa da kusan shekara ashirin, a ja na huɗu hannuwana suka fara rawa, na saki. Ina haki na gaya musu abin da layukan suke nufi, na ce maganar da ta zagaya layin nan daga bakina ta fito, kuma ƙarya ce, ban ga komai ba sai abin da zuciyata ta saƙa mini.

Mai wanki da guga ne ya fara fita, ya je ya naɗe hannun riga, bayan nasa ya warke. An kai Mai Agogo da jama'a mai yawa. A hanyar dawowa mai aski ya matso kusa da ni ya fara cewa, amma dai ka san, irin waɗannan abubuwa. Na ce idan ya ƙarasa, ya nemi wani mai gyara masa takalmi, ni ma zan nemi wani mai aski. Bai ƙarasa a gabana ba. Ko ya ƙarasa a bayana, ban sani ba, kuma wannan shi ne abin da ba zan iya ɗinkewa ba.

Bayan kwana tara, da hantsi, 'yar da matata suka ɗora Iya a kujera suka fito da ita tsakar gida, su biyu, suna hutawa a hanya. Ta rufe ido ta ɗaga fuska sama. Aka aike ni in ɗauko mata mayafi a ɗaki.

Igiyar tana nan a saman ƙofa, mariƙan suna lilo kaɗan saboda turawar da na yi. An share ɗakin tas, amma tsintsiyar ta kewaye allin. Layuka uku na farko sun dushe, duk sawun ƙafa. Na huɗu da na biyar suna nan fari fat, kamar yanzu aka ja su.