Bindigar Bahago

Nuruddeen ya ɗora gindin bindigar a kafaɗarsa ta dama, ya kai ido kan madubin saiti. Kan barewar da aka kafa a bangon shagon ya rabu biyu, ya haɗe, ya sake rabuwa.

"Kana karkata wuya," in ji Damaris, mai shagon, da Turanci. "Idonka na hagu ne ke neman madubin. Ajiye ta. Ga wata."

Ta shimfiɗa ta biyun a kan tebur. Kamfani ɗaya, nauyi ɗaya. Bambancin kawai sakata, ƙarfen da ake ja a tura harsashi. Ta farko a dama take, wannan a hagu.

Bai taɓa ta ba. Ya waiga. Mahaifinsa, Malam Gariba, na zaune bakin ƙofa da hula da kwat, lema tsakanin gwiwoyinsa. Tun daga unguwarsu, Abbey Wood, ya biyo shi, wai sai ya ga "wannan aikin naka na daji".

Aikin shi ne rage barewa a wani daji a yankin Kent, inda suka yi yawa suna cinye ƙananan itatuwa. Koyo yake. Makon jiya, da bindigar aro, ya nufi ƙirjin wata barewa ya samu ciki. Barewar ta gudu. Sai da kare ya gano ta cikin ƙaya, da ranta, tana kallon su. Maigidansa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ranar Asabar in aka maimaita, ya nemi wani aikin. Lasisinsa kuma bindiga ɗaya ya yarje masa.

"Na ji abin da ta ce," in ji Malam Gariba. "Hagu?"

"Baba, ido ne. Ba ni na zaɓa ba."

"To ka rufe shi mana."

"Na yi trying. Tun bara nake rufewa."

"Naman nan da kake kawowa, mamanka har unguwar Plumstead take rabawa. A ji da hagu aka harbe, wa zai ci? Ka taɓa ganin an yanka rago da hagu?"

Nuruddeen ya dubi hannunsa na hagu. Yana yaro, safa ake ɗaure masa a hannun lokacin cin abinci. In ya manta ya miƙa shi, bayan cokali ne ke tuna masa. Ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Idon ne ya ƙi.

Ya sake ɗaukar ta damar. Ya ja sakatar, ta cije, ya sake ja.

"Harbi na biyu shi ne jinƙai," in ji Damaris. "In na farko ya kauce, dabbar ba za ta jira ka ba."

"Baba, barewar nan kuka ta yi," Nuruddeen ya ce, bai juyo ba. "Ban san suna kuka ba."

Ruwan sama na dukan gilashi.

Malam Gariba ya jingine lemar, ya taso. "Ba ni in ga abin."

Damaris ta buɗe bindigar hagun, ta nuna masa babu harsashi, ta miƙa. Ya karɓa da dama, kamar kullum. Amma da ya ɗaga ta, kafaɗar hagu ta tafi. Hannunsa na hagu ya kama sakatar, ya ja, ya mayar. Ƙaras, ƙaras. Ko cijewa ba ta yi ba.

Ya tsaya cak. Ya ajiye ta da sauri kamar ta ƙona shi, ya cusa hannun cikin aljihun kwat.

Nuruddeen ya san tsohon tabon da ke bayan hannun nan. Bai taɓa tambaya ba.

Damaris ta yi murmushi, ta buɗe baki za ta yi magana. Nuruddeen ya girgiza mata kai.

"Wannan," ya ce, ya ɗora yatsa kan ta hagun. Ya jira tsawa.

Malam Gariba ya ɗauki lemarsa, ya nufi ƙofa.

"Ka yi bisimilla kafin ka harba," ya ce, yana kallon titi. "Kuma ba sai mamanka ta sani ba."

Ya murɗa ƙofar da hannun dama, ya fita cikin ruwan.