Hawayen Hikima

"Inna, ke kika shanye wa Hikima hawayenta?"

Babbar 'yata Fatiha ce ta jefa wa kakarta wannan tambaya, ina tsugune ina wankin tsumma. Na ɗaga hannu zan make mata baki, sai idona ya faɗa kan ƙanwarta. Hikima na kuka, amma idanunta a bushe, maɗigarta ta lotsa.

Tun da zawo ya kama yarinyar, surukata ta yanke hukunci: haƙori ne. Ta kife moɗa, wai ruwa ke ƙara gudun ciki. Ni ban taɓa musa wa uwar mijina ba, shi kuma yana can Bakura wajen noman rani.

Inna ta daɗe tana duban Hikima.

"Ja'ira mai bakin tsiya," ta ce wa Fatiha. Sannan ta juyo gare ni. "Nafisatu, ɗauko mayafinki. Wanga ya wuce haƙori."

A asibiti, cikin Talata Mafara, malamar jinya Taibatu ta ɗaura wa Hikima ruwa, tana yi tana bayani.

"Ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanjinta suna zuba dafi. Jiki ya taso zai yaƙe su, bangon hanjin ya kumbura, ya yi ja kamar ƙuna. Maimakon ya tsotsi ruwa, zubarwa yake yi. In an hana ta sha, zawon ba ya tsayawa, ita ce ke ƙarewa."

"To, haƙorin fa?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ga daidai, Inna, yana fitowa. Mai haƙori komai ta tsinta sai baki. Ta nan suke shiga."

Har gobe ina gode wa matar nan da ba ta kunyata tsohuwa ba. Inna da kanta ta karɓi kofin ruwan gishiri da sukari, tana ba Hikima cokali-cokali, da bisimilla a kan kowane.

Washegari da hantsi aka zare allurar ƙarin ruwan. Hikima ta tsandara ihu, hawaye shaɓe-shaɓe har wuya. Inna ta shafo su da yatsa ta duba.

"Alhamdu lillahi. A gaya wa mai bakin nan na maido su."

Ke da ke goyo, ji nan. Ran da zawo ya kama ɗanki, kada ki janye nono, kada ki kife moɗa. In kuwa ya yi kuka ba hawaye, goya shi ki nufi asibiti, ko wa za ki saɓa wa.