Allon Ɗakin Shan Magani

Hambali mai rubutun allo ya zana sunan sabon ɗakin shan magani na Basirka da manyan haruffa. Sunayen 'yan kwamiti kuwa gajerun haruffa ya yi musu, duk kai ɗaya, don kada su danne sunan ɗakin.

Alhaji Dabo, shugaban kwamiti, ya auna nasa da yatsa. "Malam, ni ka mayar gaɓa guda? Ƙara masa tsawo."

Hambali ya haɗiye tsaki ya ƙara, sunan ɗakin ya matse can ƙasa.

Ranar buɗewa wata tsohuwa ta zo goye da jikanta. Aka karanta mata babban rubutun. Hambali na kallo ta juya, tana cewa ashe gidan Alhaji ne.