Obioma ta Tsiga

A duk Tsiga ni kaɗai ce Obioma, kuma ban taɓa ganin ƙasar Ibo ba. Bamagujiya ce ni, 'yar Labo manomi. Ranar da za a haife ni, wata 'yar kasuwa 'yar ƙabilar Ibo daga Funtuwa ta zo sayen gyaɗa, ruwa ya tsare ta a gidanmu, naƙuda ta kama Inna, ita ta yanke mini cibiya. A wurinmu yarinyar da aka haifa da baƙo a gida, Baƙuwa ake ce mata. Baba kuwa ya sha burkutu ya yi tatil, ya ce ai baƙuwar tana da suna, a ba ni shi.

Na sha tsiya a kansa. Kakata Tsohuwa har ta mutu ba ta iya faɗinsa ba, sai dai "ke mai sunan nan". A rafi 'yan mata su riƙa rera shi kamar tallan manja. Amma duk kaka takwarata sai ta zo da sabulu da ɗankwali, tun daga ƙofa tana cewa, "Ina sunana?" Da na yi aure ita ta saya mini fanteka.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ƙarshen damina, labari ya zo cewa an kashe Ibo a Funtuwa, waɗanda suka tsira an tara su a tashar jirgi za a kai su Kudu. Na dafa ƙwan zabi na ƙulle a ɗankwalin da takwarata ta ba ni bara. Mijina Ɗanasabe bai hana ni ba, ya dai ce duk wanda ya tambaye ni a hanya in ce sunana Marka. Na ce to. Ba tsoro nake ji ba, ba na jin komai.

Da na isa Funtuwa, shagonta ba ƙofa, ba kowa ciki. Na wuce tasha. Mutane ne zaune a kan akwatuna da ƙullin kaya, ba mai magana, ko yara ba sa kuka. Na bi fuska fuska ban gan ta ba. Da ƙafata ta gaji sai na tsaya na kira sunan, wanda ban taɓa ɗaga murya na kira ba a rayuwata.

Wani tsoho ya waigo. Wata mai goyo ta waigo. Wata yarinya ta miƙe tsaye, can baya ma wani ya amsa.

Tsohon ya yafito ni, ya tambaye ni da Hausa wace Obioma, ta wane gari, 'yar gidan wa. Na ce mai sayen gyaɗa. Ya ce, "Yarinya, sunan nan a wurinmu kamar Mairo ne a wurinku." Sai a lokacin na gane ban san garinsu ba, ban san uban da ya haife ta ba. Ban taɓa tambaya ba, don a zatona mu biyu ne a duniya.

Na miƙa ƙwan ga yarinyar da ta miƙe. Uwarta ta karɓa da hannu biyu, ta ce in faɗa mata sunana ta sa ni a addu'a. Na dubi 'yan gari da ke leƙe ta bayan shinge. Na ce Marka.

Kakar nan gyaɗa ta yi kyau sosai, ba wadda ta zo ƙofa tana tambayar sunanta. Ɗanasabe ya ci gaba da kirana Marka, sauran suka bi shi, tunda ya fi musu sauƙi. Ina amsawa.